Wuta-wuta a Gona, Ɗaci a Zuciya

Duk wanda ya taɓa noman dawa ko masara a ƙasarmu ya san wannan abin takaici. Ka yi sharar gona a kan lokaci, ka yi shuka da ruwan fari, ka yi noman farko, ka yi maimai. Ruwa bai yi ƙaranci ba. Amma sai ka ga shukar ta tsaya cik, ganye ya soma rawaya yana nannaɗewa kamar an yi sati uku ba a sami ruwa ba, alhali in ka tona da yatsa ƙasa a jiƙe take. Ka duba ganye babu tsutsa, ka duba kara lafiya lau. Sai wajen watan Agusta ko Satumba wata siririyar ciyawa ta leƙo daga gindin dawar, ba da jimawa ba ta yi fure ruwan hoda mai kyaun gani. Baƙon da bai san noma ba zai iya tsayawa ya ɗauki hoto. Manomi kuwa ya san rumbunsa ba zai cika ba a bana.

Sunanta wuta-wuta. A wasu wurare ana ce mata ƙuduji, a wasu gaugai. Wanda ya raɗa mata wuta-wuta ya iya sa suna, domin gonar da ta kama takan zama kamar wadda wuta ta bi. Babu wani abu a aikin gona da ya fi ta kama da riƙo a zuciyar mai bi. Bari mu dube ta da kyau tukuna kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, gama wanda bai gane yadda take aiki ba zai ɗauka misalin na ado ne kawai.

Irin wuta-wuta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Tsiro ɗaya tak yakan zubar da iri dubun dubbai, kuma irin yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 bai mutu ba. Saukar ruwa kaɗai ba ta sa shi tsira kamar sauran ciyayi. Jira yake yi sai saiwar dawa ko gero ko masara ta zo kusa da shi. Saiwar hatsi takan fitar da wani sinadari cikin ƙasa, da irin wuta-wuta ya ji wannan sinadari sai ya farka. Ya fito da 'yar saiwa, ya manne a jikin saiwar hatsin, ya huda ta, ya shiga zuƙar ruwa da abincin da hatsin ya sha wahala ya jawo. In bai sami abin kamawa cikin 'yan kwanaki ba, mutuwa yake yi, domin guzurin da ke cikinsa kaɗan ne.

Bayan ta kama, takan yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya gan ta. Malaman gona sun tabbatar cewa babbar ɓarnar a wannan lokaci ake yinta. Ranar da ka ga ta leƙo, ta riga ta ƙoshi. Shi ya sa fartanya ba ta maganinta yadda take maganin sauran ciyayi. Kana nome abin da ke sama, ɓarawon yana ƙasa, bakinsa a cikin jijiyar shukarka.

Saiwar da Littafi Mai Tsarki ya ambata

A Ibraniyawa 12:15 marubucin ya yi maganar wata saiwa mai ɗaci. Ya ce a yi tsaro da ita, domin in ta fito ba a kan mutum ɗaya take tsayawa ba, jama'a take kamawa. Daga Maimaitawar Shari'a 29:18 ya ɗauko wannan hoto, inda Musa yake magana a kan mutumin da zuciyarsa ta juya daga bin Ubangiji a ɓoye, yana zaune a tsakiyar jama'ar Allah, yana gaya wa kansa cewa ba abin da zai same shi. Saboda haka kada mu rage ayar mu ce maganar fushi kaɗai take yi. Tana magana a kan zuciyar da ta bar Allah, alhali ƙafa ba ta daina zuwa sujada ba. Amma riƙo yana cikin hanyoyin da suka fi saurin kai mutum can, kuma aya ta 14 da ke gabanta maganar neman zaman lafiya da kowa take yi.

Su wa aka rubuta wa wannan wasiƙa? Sura ta 10, aya 32 zuwa 34, ta nuna mana. Mutane ne da aka ci mutuncinsu a bainar jama'a saboda bangaskiyarsu, aka jefa wasunsu a kurkuku, aka ƙwace musu dukiya. Ashe gargaɗin ba na waɗanda ba su san zafi ba ne. An yi shi ga mutanen da suke da dalilin yin ɗaci, kamar yawancinmu.

Littafin 2 Sama'ila sura 13 ya nuna mana wannan saiwa tana aiki a ƙarƙashin ƙasa. Amnon, ɗan sarki Dawuda, ya yi wa Tamar fyaɗe, ita kuwa ƙanwar Absalom ce uwa ɗaya uba ɗaya. Absalom ya ce wa Tamar ta yi shiru, ya ajiye ta a gidansa. Dawuda ya ji labari, ya husata ƙwarai, amma ba mu ga ya ɗauki wani mataki ba. Absalom kuwa bai ce wa Amnon uffan ba. Bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Shekara 2 cur. Wanda ya ga gidan sarki a waɗannan shekaru zai ce ai magana ta wuce. Sai ranar sausayar tumaki, Absalom ya shirya biki, ya gayyaci 'ya'yan sarki, ya sa barorinsa suka kashe Amnon. Daga nan ya yi gudun hijira shekara 3 a Geshur, ya dawo Urushalima ya yi shekara 2 bai ga fuskar mahaifinsa ba, ƙarshenta ya tayar wa uban nasa, ƙasa ta shiga yaƙin basasa. Furen ya fito ranar biki, amma saiwar ta kama tun ranar da Tamar ta fito tana kuka, babban da ya kamata ya yi shari'a ya yi shiru.

A lura, laifin da aka yi wa Tamar laifi ne na gaske, kuma fushin Absalom yana da dalili. Dattawan ikkilisiya su riƙe wannan. Duk inda aka zalunci gwauruwa a rabon gado, ko wani babba ya lalata yarinya, aka ce a rufa asiri don sunan ikkilisiya, to, an shuka abin da zai fito bayan shekaru, kuma ba lallai a gonar mai laifin zai fito ba.

“Ba komai”

Mu mutane ne masu kunya da kawaici. An yi maka laifi, wani ya ce ka yi haƙuri, sai ka ce, “Ba komai, ya wuce.” Mun tashi muna jin cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai gaskiya a wannan magana, gama ba kowane abu ake fitarwa ba. Sai dai haƙuri daban, haɗiye magana daban. Mai haƙuri ya dubi laifin, ya kira shi da sunansa, ya miƙa shi ga Allah, ya saki mai laifin. Wanda ya haɗiye kuwa ajiya ya yi. Bakinsa ya ce ba komai, cikinsa yana da littafi, da kwanan wata, da sunayen waɗanda suke wurin.

Dubi Na'omi a littafin Rut. Yunwa ta kai su Mowab, can ta binne miji da 'ya'ya maza biyu. Da ta koma Baitalami, matan gari suka kira sunanta, ta ce su bar kiranta Na'omi, su ce mata Mara, wato mai ɗaci, ta kuma ce a fili Mai Iko Dukka ne ya ɗaɗɗaka mata. Wani zai ce wannan tsohuwa ta yi saɓo. Amma a ƙarshen littafin ita ce take riƙe da jariri a cinya, jaririn da ya zama kakan Dawuda. Absalom da ya yi shiru ya mutu a rataye a itacen oak. Na'omi ta fito da nata ɗacin a rana, a gaban Allah da mutane, inda za a iya yi masa magani. Zabura cike take da irin wannan kuka. Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe zai ɓoye fuskarsa. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu, ba ta ko juyo da yabo ba. Allah ya bar su a cikin Littafinsa domin mu san kukanmu bai fi ƙarfin kunnensa ba.

Ta yaya mutum zai san saiwar ta kama shi tun ba ta leƙo ba? Kamar yadda manomi yake sani: ga ruwa, ga shuka, amma ba girma. Kana zuwa sujada, kana jin wa'azi, kana ba da baiko, amma addu'a ta zama kamar tuwon jiya. Ni kaina na san wannan. Wata shekara na ba wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu rancen buhun taki biyu, ya ce da kaka zai biya. Kaka ta zo ta wuce. Bai kawo ba, bai kuma ce komai ba. Ni ma ban ce komai ba, wai ina haƙuri. Muna gaisawa, muna tambayar iyali. Shekara ta huɗu ce na lura da wani abu: duk ranar da aka ba shi addu'a a taron tsakiyar mako, kowa zai ce amin, ni bakina ba ya buɗuwa. In ya tashi ba da shaidar abin da Allah ya yi masa, ina lissafin kuɗin taki a raina. Buhu biyu suka hana ni cewa amin ga addu'ar da ake yi cikin sunan Yesu.

Kukan saiwa mai yunwa

Akwai wani abu da masu bincike suka gano wanda ya fi komai ba ni tausayi. Sinadarin nan da saiwar hatsi take fitarwa, ba don wuta-wuta take fitar da shi ba. Kiran neman taimako ne. A cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu masu kamar zare, dangin naman kaza, waɗanda sukan haɗu da saiwar shuka su taimake ta jawo abinci daga nesa. Idan ƙasa ta gaji, abinci ya yi ƙaranci, sai saiwar ta ƙara fitar da sinadarin don ta kira waɗannan abokai. Wuta-wuta kuwa tana kwance tana saurare. Kiran da aka yi wa aboki, shi ɓarawo yake amsawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa wuta-wuta ta fi yawa a gonar da ta gaji, wadda aka yi shekara da shekaru ana shuka dawa bayan dawa ba taki. Gonar talaka ta fi shan wahalarta.

Haka mutumin da aka ji wa ciwo yake. Yana neman wanda zai ji shi, kuma ba laifi ba ne. Tambayar ita ce wa zai fara isowa. Akwai masu zuwa ta'aziyya da ashana a aljihu. “Ai ni da ni ne, ba zan yarda ba.” “Ka san abin da ya faɗa a bayanka?” Yanzu ma ba sai sun zo gida ba. Hoton gawa yana shigowa waya ta WhatsApp da Facebook da tsakar dare, wani na gaskiya, wani na wata ƙasa ne ko na shekarun baya aka sake masa suna, mai ciwo yana kallo shi kaɗai a ɗaki. Na'omi ta tsira domin Rut ce ta manne mata, ta tafi kala a gonar Bo'aza, ta kawo abinci gida. Ikkilisiyar da ta bar masu makoki bayan kwana uku, kowa ya koma harkarsa, kada ta yi mamaki in wani ya riga ta isa.

Yadda manomi yake yaƙi da ita

Manomin da ya san abin da yake yi yakan tuge wuta-wuta da hannu kafin ta yi fure. Ya san tugewar ba za ta ceci amfanin bana sosai ba, amma za ta hana sabon iri zuba. Bulus ya ba mu iyaka irin wannan a Afisawa 4:26-27. Bai hana fushi ba, amma ya sa masa wa'adi, wato faɗuwar rana, ya kuma ce barinsa ya kwana buɗe wa Iblis ƙofa ne. Yesu kuma a Matiyu 18:15 ya nuna hanya: wanda aka yi wa laifi shi ne zai tashi ya je, su biyu kaɗai, kafin a kira wani. Yawancinmu baya muke bi. Muna fara gaya wa mata, da abokai, da rabin 'yan kwaya, mai laifin shi ne na ƙarshen ji.

Wani abu kuma: in ta riga ta yi fure, ba a tuge ta a yar a bakin kunya. Tana iya ƙarasa nunar irinta ko bayan an tuge ta. Tarawa ake yi a fitar da ita daga gona a ƙone. Mutum yakan ce ya gafarta, amma labarin yana nan a bakinsa, duk baƙon da ya zo sai ya ji shi daga farko. An tuge, amma an bar shi a gona.

Sai taki. Duk malamin gona zai gaya maka cewa tugewa kaɗai ba ta isa ba, sai an ciyar da ƙasa, da takin gargajiya ko kamfa da yuriya, domin shukar da ta ƙoshi ba ta yawan kira, kuma ta fi jurewa. Marubucin Ibraniyawa ma alherin Allah ya fara ambata kafin saiwar. A Matiyu 18:23-35 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000. Wato an yafe masa ladan kwana miliyan 60, ya ƙi yafe ladan kwana 100. Ina so a ga cewa Yesu bai ce dinari 100 ba kuɗi ba ne. Ladan fiye da wata uku ne, duk wanda aka riƙe wa albashin wata uku ya san zafinsa. Abin da ya kashe bawan shi ne ya fito daga gaban sarki bai ɗanɗana abin da aka yi masa ba. Ba a matso gafara daga busasshiyar zuciya. Wanda yake fama da riƙo, kafin a ce masa ya ƙara ƙoƙari, a fara zaunar da shi a gindin gicciye har ya gane girman abin da aka yafe masa.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce canjin shuka. Waken suya da auduga da gyaɗa suna fitar da sinadarin da ke tayar da irin wuta-wutar hatsi, amma ba ta iya kama saiwarsu. Sai irin ya farka, ya fito neman abin zuƙa, ya rasa, ya mutu. Kowace shekara da aka shuka waken suya a gonar, irin da ke kwance yana raguwa, ƙasa kuma tana samun ƙarfi. Masu bincike a Samarun Zariya da cibiyar IITA sun daɗe suna koya wa manoma wannan, tare da fito da irin masara da dawa masu jure mata.

Umarnin Yesu na yin addu'a domin masu tsananta mana, a Matiyu 5:44, haka yake aiki. Ka gwada ka gani. Ranar farko da ka ambaci sunan mutumin a gaban Allah, kana roƙon alheri a kan gidansa da gonarsa, fushin zai taso fiye da dā. Kada ka ce addu'ar ba ta yi ba. Irin ne ya farka. Amma ya farka a inda ba abin kamawa, gama yana da wuya ka roƙa wa mutum albarka da safe ka kuma shirya masa mugunta da yamma. Haka na yi da mai takin nan wajen wata biyu kafin na iya zuwa gidansa. Da na tayar da maganar, sai ya sunkuyar da kai. Ashe shi ma kunya ce take cinsa duk waɗannan shekaru, har yakan canza hanya in ya hango ni a kasuwa. Ya biya kuɗin buhu ɗaya, ɗayan na ce ya bari. Na ɗauka an gama. Shekara ta kewayo na gan shi a kan sabon babur, sai ga lissafin nan ya dawo daram. Da Bitrus ya tambayi sau nawa zai gafarta, ya kawo 7, Yesu ya ba shi lissafin da wasu fassarori suka mai da 77, wasu 490. A ganina, sau da yawa laifi ɗaya ne ake gafartawa sau 490, duk daminar da ya sake tsirowa.

Idan jini ne

Wani zai ce, malam, kana maganar buhun taki, ni mijina aka kashe. Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar ciwon ɗaya ba ne. Ikkilisiyoyinmu na arewa suna ɗauke da Kafanchan 1987, da Zangon Kataf 1992, da Kaduna 2000, da Jos 2001. Suna ɗauke da daren 14 ga Afrilu 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, da watan Oktoba na wannan shekara da 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi. Akwai ƙauyukan da har yau masu su ba su koma ba. Duk mai wa'azin da zai tsaya a kan bagade ya ce wa gwauruwa ta manta kawai, bai san abin da yake faɗa ba.

Gafara ba ta ce abin da aka yi daidai ne. Ba ta hana neman shari'a. Romawa 12:19 ta ɗauke ramuwa daga hannunmu ta mai da ita ga Allah, Romawa 13:4 kuma ta ɗora wa hukuma alhakin hukunta mai mugunta, don haka mai bi yana da damar ya matsa wa hukuma ta yi aikinta. Bulus kansa, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da shi. Gafara kuma ba ta tilasta amincewa nan take. Yusufu ya gwada 'yan'uwansa sosai kafin ya bayyana musu kansa, kuma a Farawa 50, bayan Yakubu ya yi shekara 17 a Masar ya rasu, har lokacin suna tsoron ramuwa, sai da ya sake kwantar musu da hankali yana kuka. Yin tsaro a ƙauye ba rashin gafara ba ne. Abin da gafara take hanawa shi ne wanda ya kashe maka mutum ya ci gaba da zama a cikin jijiyarka yana zuƙe addu'arka da barcinka har ƙarshen ranka.

Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, lokacin yana jagorantar matasan Kirista masu faɗa. A ɗaya gefen, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani da ya san su duka ya haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, suka yi aikin sulhu a wurare da dama, har da Yelwan Shandam bayan rikicin 2004. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsu shi ne abin da Fasto Wuye ya faɗa da bakinsa: wajen shekara 3 suna yawo tare suna wa'azin zaman lafiya, amma tunanin kashe abokin tafiyarsa bai bar zuciyarsa ba. Ya ce abin ya soma sakinsa ne sa'ad da wani mai bishara ya gaya masa ba zai yiwu ya yi wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Mutum yana iya zama a kan teburin sulhu, saiwar tana nan daram a ƙasa.

Ɗaci kuma ba ya tsayawa a kan mai laifi. Daga mutum biyar da suka zo da bindiga, sai ya koma ƙabila ɗungum, ya koma addini ɗungum. Yaran da ba a haife su ba lokacin rikicin suna jin yadda muke kiran maƙwabta a bakin murhu, suna ɗauka. A watan Yuni 2018, da aka kai hari a ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Yaron da aka koya wa cewa duk ɗaya suke, ina zai ajiye wannan dattijo?

Gonar maƙwabci

Manomi ɗaya ba ya gamawa da wuta-wuta. Irinta yana tafiya cikin iska da ruwan da ke gangarowa daga gonar sama, yana maƙalewa a kofaton shanu da bakin garma, yana shiga cikin irin hatsin da aka sayo a kasuwa. Ka tsabtace taka, maƙwabcinka ya bar tasa ta yi fure, baɗi kun raba. Aikin gayya ne. A harshen Helenanci, kalmar da Ibraniyawa 12:15 ta yi amfani da ita wajen cewa a yi tsaro, dangin kalmar da aka samo “bishop” ce, wato mai kula, kuma ga jama'a duka aka faɗe ta, ba ga shugabanni kaɗai ba. Kowa mai duba gonar ɗan'uwansa ne.

A nan sai a yi hankali. Duba gonar ɗan'uwa ba ya nufin tuge ɗan'uwan. A misalin alkama da ciyawa a Matiyu 13:24-30, bayin sun so su shiga tugewa, maigidan ya hana su don kada su haɗa da alkamar. Akwai ikkilisiyoyin da in mutum ya nuna ɓacin rai, sai a ce yana da ruhun tawaye, a sa shi a bencin baya, ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da aka yi masa.

Bulus ya nuna mana yadda ake yi a Filibiyawa 4:2-3. Mata biyu, Afodiya da Sintiki, sun sami saɓani. Ba baƙi ba ne a cikin aikin, gama ya shaida cewa sun yi fama tare da shi a hidimar bishara, sunayensu kuma suna cikin littafin rai. Yana ɗaure a kurkuku, amma labarin ya isa gare shi, bai kuwa ce ƙaramar magana ce ta mata ba. Ya roƙi kowacce da sunanta, daidai wa daida, bai faɗi wadda take da gaskiya ba. Sa'an nan ya juya ga wani amintaccen abokin aikinsa a Filibi ya ce ya taimake su, domin ya san akwai rigimar da mutum biyu ba sa iya kashewa su kaɗai. A wancan zamani a gaban taron masu bi ake karanta irin wannan wasiƙa da ƙarfi. Mai karatu ya kai wurin, ya kira sunan Afodiya, ya kira sunan Sintiki, sa'an nan ya kira mutum na uku ya ba shi aiki.